Kafinta a Ajin Lissafi

Ranar da kafintan makaranta ya shiga aji shida gyaran benci, ya tarar Malamar lissafi ta kusa kuka. Mako biyu tana koyar da indakshin, hanyar tabbatar da cewa ƙa'ida ta hau kan kowace lamba, amma ɗalibanta sai su gwada ɗaya, biyu, uku, su rubuta "an gama". Ga sufeto na zuwa ranar Litinin, daga rahotonsa za a tabbatar da ita a aiki ko a sallame ta.

Ya ajiye guduma yana saurarenta, ya kasa ɗauke ido.

Washegari ya zo da guntayen katako talatin, ya jera su tsaye kan tebur.

"Malama, ture na farko."

Duk suka zube. Ya sake jerawa, ya zare ɗaya a tsakiya. Ta ture, zubewar ta tsaya cak a giɓin.

"Laa!" in ji wata ɗaliba. "Ashe faɗuwar ukun farko ba hujja ba ce, sai an nuna kowane yana ture na gabansa!"

Sufeto ya zo, ya tafi yana yabo. Da yamma Malama ta tura wa kafintan saƙo: "Injiniyana, ka fitar da ni kunya."

Ya amsa: "Tauraruwa, katako kawai na yanka. Bayaninki ne ya shige ni, har yau bai fita ba."

Da maganar aure ta taso, Abbanta, tsohon malamin lissafi, ya ce atafau. "Kafinta? Da digirinki?"

Ya tafi shagon kafintan da kansa don ya kashe zancen. A kan teburin aiki, kusa da zarto, ya ga littafi cike da lissafin da take koya wa saurayin. Ya zaro biro ya rubuta wata ƙa'ida.

"Na gwada lamba talatin da tara, duk ta yi. Ta tabbata?"

Kafintan ya durƙusa, ya daɗe yana buga lissafi. "Baba, a gafarce ni, ta arba'in ta ƙi."

Abba ya gyara tabarau. "Shekara talatin ina kafa wa ɗalibai tarkon nan. Mutum biyu suka tsallake. Ɗaya 'yata ce, ɗayan kai ne." Ya ja kujera ya zauna. "Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure, Abba ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Na so in yi asarar ɗa da hannuna. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai kaifin kai irin naku."

Amarya na ɗaki aka kawo mata labari. Ta rufe fuska, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.