Gadalin Kufai

Kwana tara ke nan da saukar ruwan farko. Ƙasa ta jiƙu, maza ba su gama dawowa daga shukar gero ba, Sakinatu kuwa tana tsugune a bayan ɗakinta tana cire ciyawa daga gindin furanninta. Rana ta yi ja, kaji sun fara neman wurin kwana. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin.

Ta ɗaga kai ba ta ga kowa ba. Na biyu ya fasa tulun da take ban-ruwa da shi. Na uku ya sauka gaban ƙafarta, da ta taɓa shi ta ji shi da zafi kamar daga murhu aka ciro.

A duk ƙauyen nan na gabas da Makoda, Sakinatu kaɗai ce mai shuka abin da ba a miya da shi. Shekara huɗu tana renon furanni irin waɗanda rani ke ƙone wa ganye, ruwa na sauka su tofo daga saiwa. Larai, matar yayan mijinta, wadda katanga ɗaya ta raba su, ba ta taɓa wucewa ba ta yar da magana ba: ai ɓarnar taki ce, ai matar Bature aka kawo musu. Ƙiyayya ce tsakaninsu, kowa ya sani.

Mako biyu kafin jifan, Sakinatu ta bi ta kufan wani tsoho da ya rasu ba magaji, ta ga curin wata shuka mai kai kamar albasa. Ta haƙo ta kawo gida. Ta sa wuƙa ta raba curin gida bakwai, yadda take yi wa duk shukar da ta cunkushe, ta jera su a gindin katanga.

Jifan ya zama na kullum, daga kiran magariba har a idar da salla. Bayan jifa sai murya, muryar tsohuwa, tana bin katanga tana kiran sunaye yadda uwa ke kiran yara su shigo gida. Ran na biyar aka tarar da Juwairiyya, 'yar Sakinatu mai shekara goma sha huɗu, tana tonon gindin katanga da farce har jini. Da aka kama ta ta yi wurgi da ubanta Basiru, ƙaton manomi, kamar buhun ƙaiƙayi.

Basiru ya hau babur ya ɗauko Malam Abdulkabir daga Ɗambatta. Suka iso bayan la'asar. Malam ya zaga bayan ɗaki, ya daɗe yana duban shukar, ya ce wannan gadali ne, kuma ba kowane ake taɓawa ba. Ya zauna kusa da yarinyar ya fara mata karatu, ba gaggawa, har inuwa ta rufe tsakar gida. Can Juwairiyya ta buɗe ido, amma ba ita ke kallo ba.

“Shekara arba'in muna dunƙule wuri ɗaya,” in ji muryar tsohuwar. “Ta sa wuƙa ta raba ni da 'ya'yana. Ita ma ta ɗanɗana.”

Malam ya tunatar da ita Allah, ya ce kuskure ne aka yi, yarinya kuma ba ta da alhaki. Muryar ta ce a mayar mata da 'ya'yanta kufai a cure, sannan za ta tafi. Sakinatu ta ɗauki fartanya ta tone su. Shida ta samu. Ramin na bakwai wayam yake. Tun makon jiya ta gani, ta ɗora wa akuya laifi.

“Autana yana bayan wannan katangar,” in ji muryar, “cikin fasasshen bokiti, a ɗakin mai zagin fure.”

Aka kira Larai. Ta shigo tana huci, ta ce ita me za ta yi da ciyawa, sharri ne aka haɗa mata da aljani. Sakinatu, wadda ba ta taɓa roƙonta ko gishiri ba, ta durƙusa ta kama ƙafarta.

“Yaya Larai, don Allah. Ba zan gaya wa kowa ba.”

Larai ta fizge ƙafarta ta fita. Mijinta kuma ya ce ba mai shigar masa ɗakin mata bincike.

Malam ya ƙara karatu, aljanar na ihu, yarinyar na galabaita. A ƙarshe aljanar ta ce za ta saki jikin, amma harshen yarinyar yana hannunta sai autanta ya dawo. Malam ya dubi yadda numfashin Juwairiyya ke sarƙewa, ya karɓa ba da son ransa ba. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta gane uwarta, ta motsa baki, ba abin da ya fito.

Washegari da magariba gidan Basiru ya yi tsit. A kwanon ɗakin Larai dutse ya faɗo. Sakinatu tana zaune da 'yarta a jikinta tana jin kowane ɗaya, kuma ba ta ji tausayi ba ko kaɗan. Larai ta jure ran farko, ta jure na biyu, tukwanenta na fashewa, tsohuwa na kiran suna ɗaya a bakin ƙofarta.

Ran na uku, ana tsakiyar jifa, wani abu ya tsallako katanga ya faɗo tsakar gida, ba sallama. Kan gadalin ne, da ƙasarsa, farin furensa ya buɗe. An yi masa ban-ruwa sosai, har da takin awaki. Basiru ya naɗe shi a tsumma ya ruga kufai, inda ya riga ya mayar da sauran shidan.

Bai dawo ba Juwairiyya ta yi tari ta ce, “Inna, ƙishirwa nake ji.”

Sakinatu ta ba ta ruwa tana kuka. Da safe ta kwaɓa laka ta toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu. Furanninta kuwa ta ci gaba da renonsu, ta matso da mafi tsawonsu jikin katanga, inda Larai za ta riƙa ganin kansu kullum.