Ɗan Hayan da Ba a Tambaya Ba

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris, ana kiran magariba, dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Hedimasta. Ya duba agogo, ya rubuta lokacin.

Da ya yi ritaya ne ya sayi gidan mai ɗaki takwas, ya zauna da iyalinsa a gaba, sauran ya zuba haya. Dillali, magini, 'yan haya, kowa sai da ya zauna gabansa kamar ɗalibi, ya amsa tambaya ashirin. Tsohon da ke kula da gidan tun zamanin masu shi na farko ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin ƙuryar nan da ke kulle..."

"Amsa abin da aka tambaye ka," in ji Hedimasta. Ya ba shi sifili da jan biro, ya sallame shi a gaban mutane. Washegari magini ya ɓalle kwaɗon ɗakin.

Kwana shida ana jifa. Rana na faɗuwa gidan zai yi tsit, sai a ji ana jan kujera a ɗakin da babu kowa. A na bakwai autarsa ta shiga ɗakin ɗauko tsintsiya, ta fito tana tafiyar tsofaffi, ta daina ci, ta daina magana.

Uwargida ta kira mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago, ta yi magana da wata murya kamar daga ƙasan rijiya.

"Shekarata saba'in a ɗakin nan. Ka tambayi kowa, ni ba ka tambaye ni ba."

"Ba ka cikin takardun gida!" in ji Hedimasta. "Kuma ba a sanar da ni ba."

"Amsa abin da aka tambaye ka. 'Yarka kake so ko ɗakin?"

Ya dubi wuyan hannunta da ya rame. "'Yata."

"Zalunci ne kama yarinya," in ji mai ruƙiyya. "Faɗi buƙatarka ka fita."

"A mayar da kwaɗona. A dawo da tsohon nan, shi kaɗai ke min sallama. A wanke shi inda aka kunyata shi. Na ba ku zuwa magaribar gobe."

Yarinyar ta yi atishawa uku, ta ce, "Umma, yunwa."

Da safe Hedimasta ya tare dillali da takarda shafi huɗu: ya ɓoye masa mazauni, ya jefa 'yarsa a haɗari, dole ya amsa laifinsa a rubuce.

"Yallaɓai, na buɗe baki, ka ce ba ta cikin tambayoyi," in ji dillali.

La'asar ta yi sanyi Hedimasta yana nan yana gyara waƙafi a takardar. Wata 'yar tsakuwa ta gangaro daga kwano, ta tsaya kusa da takalminsa. Uwargida ta zare biron daga hannunsa.

"Tsohon yana zaure, na tara 'yan haya. Tashi ka ba shi haƙuri a gabansu, da ƙarfi, yadda na ɗakin ƙurya zai ji."