Rubutun Alli a Ƙofar Inna

Da safe Inna Dodo ta fito ɗaukar turmi, sai ta ga an yi masa rubutu da farin alli. Ta duba taɓarya, ita ma haka. Randa, tukunya, har bokitin wanka, babu wanda ya tsira. Inna kuwa mace ce mai bin ƙwaƙƙwafi, ko kaza ce ta canja wurin kwana sai ta ji dalili.

Su biyu ne a gidan nan na Zuru, ita da Talle, matar ɗanta Nasiruddeen, sojan da ke aiki a barikin Enugu. Talle 'yar garin Manga ce, uwarta ta rasu tana jinjira, kuma karatunta bai wuce firamare ba. Da Inna ta tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce Turanci take koya. Mijinta zai ɗauke ta zuwa bariki, ba ta son ta ba shi kunya cikin matan sojoji. Kullum ya bugo waya yakan ba ta kalma, ita kuma ta rubuta a jikin abin don kada ta manta.

Inna ta taɓe baki. Dama tana cike, don yaron nan in ya kira ta gaisuwa ce a tsaitsaye, amma da Talle sai batir ya mutu ana ta ƙyaƙyata dariya. Inna ba ta iya karatu ba, sai dai idonta ba ya kuskure. Ta lura rubutun ƙofar kicin da na ƙofar gida iri ɗaya ne sak, amma na ƙofar ɗakinta daban yake, ya fi su tsawo.

"Ke, mi kika rubuta min a ƙohwa?"

Talle ta rufe fuska da mayafi. Shi ke nan, Inna ta yanke hukunci: asiri ne aka yi don a raba ta da ɗanta. Ta kira Nasiruddeen ta ce ya zaɓa, ko ita ko matarsa. Ya yi ta roƙo, ya ce yana son Talle kamar ransa, a bari ya zo. Ta kashe wayar, ta ce wa Talle ta haɗa kayanta, gobe sai Manga. Yarinyar ta shiga ɗaki tana kuka.

To, amma son sani ya hana Inna sukuni. Washegari ta saɓi taɓarya da murfin tukunya ta nufi gidan maƙwabcinta Baba Kefas, tsohon soja, wai ya faɗa mata irin asirin. Ya saka tabarau ya duba murfin, ya ce "pot", tukunya ke nan. Taɓarya kuma "pestle". Inna ta gwada faɗa, harshenta ya sarƙe, Baba Kefas ya yi dariya har da tari. Ta ɗaure fuska ta ce ai waɗannan rufa-ido ne, ya zo ya ga na ƙofarta.

Suka tarar da Talle a tsakar gida da jakarta, idanu sun kumbura. Baba Kefas ya tsaya gaban ƙofar, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau.

"Hajiya, wannan ba sunan ƙofa ba ne. Mother. Uwa ke nan."

Inna ta juya ta dubi Talle.

"Inna, kowace kalma a jikin abinta nike rubuta ta," in ji Talle cikin shessheƙa. "Wagga da ya koya min, na zagaye gida ban samu inda zan aza ta ba. Tunda nike ban taɓa samun wurin ba, sai ƙohwarki. Kunya ta hana ni hwaɗi."

Kunya da tausayi suka rufe Inna. Ta fizge jakar ta jefa ɗaki, ta rungume yarinyar tana kuka tana neman gafara.

Haƙurin Talle bai faɗi ƙasa banza ba, don wata bai ƙare ba Nasiruddeen ya zo ya tafi da ita, Inna na sa musu albarka. Ku duba fa, saura ƙiris zargi ya rusa aure a kan abin da bincike kaɗan ya warware. Kada mutum ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba.

Kafin su tafi, Inna ta koma wurin Baba Kefas ta tambayi yadda ake cewa ɗiya da Turanci. Ya rubuta mata a ƙasa, ta kwaikwaya da alli a ƙofar Talle, a karkace kamar tafiyar tururuwa. Na tata ƙofar kuwa, har yau ba ta yarda kowa ya goge shi ba.