Gaisuwar Mama Elizabeth

Akwai wata yarinya 'yar aji ɗaya a sakandare. Ita da Ummanta suna zaune a Mararaba, a gidan haya. Tsakar gidan ba ta da wani faɗi. Amma cike take da tumatir da attarugu da alayyahu, duk a cikin buhuna da tsofaffin bokitan fenti.

Umma ce ta koya mata wannan shuka. Umma ce kuma ta buɗe wani guruf a waya mai suna Lambun Buhu. Mutane da yawa ne a ciki, daga Dei-Dei har Kwali. Wannan ya turo hoton barkononsa, wancan ya nemi maganin tsutsa.

Umma tana aiki a wata ma'aikata a cikin Abuja. Da sassafe take fita. Ba ta dawowa sai magariba, ƙafafunta a kumbure saboda cunkoson hanya.

Da aka yi hutun makaranta, Umma ta miƙa wa yarinyar ƙaramar wayarta.

"Ungo, ki kula min da guruf ɗin nan. Wallahi na gaji. Tallan banza ki goge shi. Masu faɗa ki ba su haƙuri. Abin da ya fi ƙarfinki ki jira ni."

"Umma, ni ce admin ke nan?"

"Ke ce. Amma lambata ce. Duk abin da kika rubuta, da sunana zai fita."

Yarinya ta ce to. Ranar har tafiyarta sai da ta canza, wai ita manya.

Ba a je ko'ina ba ta gane aikin ba daɗi gare shi ba. Tun kafin ta wanke ido wayar ke ƙara. Wannan ya turo barka da safiya da hoton fure. Wancan ya turo addu'a, sai amin ta yi ta zubowa. Ranar Juma'a a yi gaisuwar Juma'a, ranar Lahadi a yi ta Lahadi. Datar da Umma ta saka mata ba ta kwana biyu.

Mai buɗe wannan gaisuwa kullum wata tsohuwa ce a Kwali, ana ce mata Mama Elizabeth. Ita ba ta rubutu, murya take turowa.

"Ina kwana, yarana? Kun tashi lafiya? Yaya gajiya? An yi ruwa a wajenku?"

Sai kowa ya amsa mata, ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya yarinyar ta ga ganyen tumatirinta ya nannaɗe. Ta ɗauki hoto ta tura, ta nemi shawara. Kafin a gani, gaisuwa ta binne hoton. Ranta ya ɓaci sosai.

Sai ga wani ɗan guruf mai suna Kingsley ya rubuto: "Oga admin, abeg, wannan wuri na shuka ne ko na gaisuwa?"

Dama abin da take jira ke nan. Ba sallama, ba don Allah, ta rubuta: "Daga yau an hana gaisuwa a nan. Duk wanda ya yi, za a cire shi."

Washegari muryar Mama Elizabeth ta shigo kamar kullum. "Ina kwana, yarana?"

Yarinya ta yi tsaki. Ba ta jira Umma ba. Ta danna sunan tsohuwar, ta cire ta.

Guruf ya yi tsit. Yarinya ta miƙe ƙafa ta ce yau dai za ta huta.

Amma shirun bai ƙare ba. Babu mai gaisuwa, babu kuma mai maganar shuka. Ta sake tura hoton tumatirinta, ko mutum ɗaya bai tanka ba. Can sai wata Malama Hadijatu, ƙawar Umma, ta rubuto: "Hajiya, ban taɓa zaton haka daga gare ki ba." Ta fita daga guruf. Wasu ma suka bi bayanta.

Yarinya ta sake karanta saƙon. Sai yanzu ta tuna da sunan wa take magana.

Da magariba Umma ta shigo. Ta zauna a bakin gado, ta cire takalmi a hankali. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

"Hadijatu ta kira ni a ofis," in ji Umma. "Me Mama Elizabeth ta yi miki?"

"Doka ta karya, Umma. Ai na rubuta."

"Kin rubuta. Ita kuwa idonta ba ya ganin rubutun waya. Shi ya sa take turo murya. Bara mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna nesa. Mu ne mutanen da take gaisarwa in ta tashi."

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Bari in mayar da ita yanzu."

"A'a. Ba a korar babba a dawo da shi da ɗan yatsa. Ranar Asabar za mu je Kwali."

Asabar ce kaɗai ranar da Umma ke samun barci. Haka suka tashi, suka shiga wannan mota suka sauka, suka shiga waccan. Umma tana ta gyangyaɗi a hanya. Yarinya ta dube ta, kunya ta rufe ta.

Sun tarar da Mama Elizabeth a gindin mangwaro, tana ba yakuwarta ruwa a cikin tsofaffin tukwanen ƙasa. Ta yi murna ƙwarai. Bayan an gaisa, ta zaro wayarta daga bakin zane.

"Madam, gara da kin zo. Waya na ya lalace. Kullum ina gaishe ku, ba ya tafiya. Na kai ma mai gyara, ya ce babu komai. Na ce, ko dai yarana sun gaji da ni ne?"

Yarinya ta durƙusa a gabanta.

"Mama, wayarki lafiya ƙalau take. Ni ce na cire ki. Ba Umma ba ce. Don Allah ki yafe min."

Tsohuwa ta dube ta.

"Gaisuwa na ya dame ki?"

"Ya yi min yawa ne, Mama. Na gaji."

"To ai da kin kira ni kin faɗa min. Ni ma na yi renon yara, na san gajiya." Ta kama hannunta ta ɗaga ta. "Tashi, ya wuce."

Nan take yarinya ta mayar da ita guruf. Sannan ta danna wurin murya. Ta yi sallama, ta gaishe da iyaye da yayye. Ta ce ita ce ta yi laifin, ba Ummanta ba. Ta roƙi a riƙa gaisawa da safe, in rana ta ɗaga kuma a bar wa maganar shuka wuri. Umma ta kira waɗanda suka fita, suka yarda a mayar da su.

Washegari wayar ta yi ƙara. "Ina kwana, yarana?"

Kingsley ne ya fara amsawa: "Lafiya lau, Mama. Sorry o!" Malama Hadijatu ta biyo baya. Kafin azahar mutum uku sun ba yarinya shawara kan tumatirinta. Umma kuwa tana ɗaki tana ramuwar barci, ba wanda ya kira ta da ƙorafi.

Daga ranar yarinya ta koyi darasi. Waɗanda ke cikin waya mutane ne, ba sunaye kawai ba. In an ba ka riƙon jama'a, ka yi magana da ladabi, ka ji uzurin mutum kafin ka hukunta shi. Har yau wayar tana ƙara da safe, kuma yarinyar ce take fara cewa, "Mun tashi lafiya, Mama."