Reshen Da Ya Karye A Kurmin Nemi

A zamanin da Damas yake riƙe da sarautar kurmin Nemi, cikin tsakiyar zafi, inabi ya fara nuna, aka yi abin nan da har yau tsofaffin garin Arisiya ba sa son a tayar da zancensa ana cin abinci. Ni Sekunda, a gabana aka yi. A ƙofar ɗakin tsafin Diyana, allahiyar kurmin, na tsufa, ina sayar wa masu ziyara ƙafafu da hannuwa da idanu na laka, waɗanda suke ajiyewa gaban gunki don neman waraka. Wanda ya ce ba haka aka yi ba, ya zo ya same ni.

Sarautar kurmi ba a gadonta, ba a kuma naɗa ta. Akwai bishiya guda a tsakiyar kurmin, an kewaye ta da gajeriyar katangar dutse. Duk bawan da ya gudu daga ubangidansa, ya iso ya karya reshenta, ya sami ikon karawa da Sarkin Kurmi da takobi. In ya kashe shi ya zama sarki, babu mai sake kiransa bawa, sai ya zauna jiran wanda zai zo domin shi. Haka Damas ya samu. Daga wurin fasa dutse ya gudo, ƙato ne mai wuya kamar na bijimi, kuma duk waɗanda suka zo gwada shi a shekarun farko an haƙa musu rami a bayan tafkin da ke gefen kurmin. Da labarinsa ya bazu, sai bayi suka daina zuwa. Tsoronsa ne ya tsare shi, ya fi takobinsa aiki.

Wata rana da hantsi, babu mutane, ya tsaya gaban tabarmata.

"Uwar laka," ya ce, "ba ni idanu biyu. Naɗe su a tsumma."

"Na wa, Sarki?"

"Na wani abokina."

"Tabɗi! Sarkin Kurmi da aboki? Yaushe ka fara?" Ina dariya na miƙa masa ƙunshin. Ya kai hannu, ya kama iska a gefen hannuna.

Na daina dariya. Na dubi idanunsa da kyau, na ga yanar ido ta rufe su, fari fat kamar an ɗiga nono. Ashe duk zagayen da yake yi cikin kurmi, ƙafafunsa ne suka haddace hanya.

"Sekunda," ya ce a hankali, "in bakinki ya suɓuce, kin kashe ni."

"Ni da na binne miji ban faɗa wa kowa irin halinsa ba? Tafi, Sarki, ka ajiye idanunka."

Na riƙe maganar. Amma tun daga ranar, duk baƙon da ya gangaro daga tudu sai gabana ya faɗi.

Ranar bikin Diyana ta zo, ranar da ake sallamar bayi daga aiki su zo ziyara. Kurmi ya cika maƙil: mata da furanni a ka, karnukan farauta an rataya musu ganye a wuya, bayi kuwa daga gonakin inabi da gidajen manya, har daga birnin Rum, ba su ƙirguwa. Damas yana tsaye jikin katanga, takobi a hannu, yana juya kai kamar mai kallon kowa. Waro, shugaban dattawan Arisiya, yana gaban ɗakin tsafi da farar rigarsa mai jan baki, ana shirin yanka hadaya.

Sai muka ji ƙas! Wani mutum ya faɗo daga saman bishiyar, reshe rungume a ƙirjinsa.

Kai, kowa ya juya wajen bishiyar. Mai busa sarewa ya tsaya da ita a baki. Mutumin ya miƙe yana ɗingishi, gajere ne mai tumbi, hannuwansa duk tabon ƙunar tanderu. Kafin ya yi magana wasu ƙarti uku suka kutso da igiya, masu farautar bayi ne.

"Namu ne, ranka ya daɗe," in ji babbansu, yana duban Waro. "Sunansa Yutikus, mai gasa burodi a gidan ubangidanmu. Ya fasa tulun giyar baƙi, ya tsere. Mun biyo shi, ya shige cikin taro ya hau bishiya ya ɓuya."

Yutikus ya dubi reshen da ke hannunsa, ya dubi fuskokinmu. Baƙo ne daga gabas, bai san wace bishiya ya hau ba. Ya ga dai ta fi sauran duhun ganye.

A nan Damas ya yi abin da ba a taɓa jin wani Sarkin Kurmi ya yi ba. Ya ce wa Waro, "Ranka ya daɗe, tsautsayi ne. Nauyinsa ya karya reshen, ba hannunsa ba. A ba su mutuminsu su tafi."

Mutane suka fara gunaguni, wasu na cewa tausayi ne. Ni na san ba tausayi ba ne. Damas bai ji tsoron mai burodi ba, tsoron idon jama'a yake ji. In ya yi faɗa a gaban wannan taro za a gane ba ya gani, kuma in aka gane, ko ya ci ya faɗi.

Waro mutum ne da ba ya taka al'ada ko da ƙafar wani. Ya juya ga Yutikus, ya bayyana masa dokar bishiyar dalla-dalla, sannan ya ce, "Bakinka zai raba. In tsautsayi ne, ga masu igiya. In da gangan ka karya, ga takobi."

"Ka ce tsautsayi ne, ɗan'uwa," in ji Damas. "Bulala ce kawai, ta warke."

Babban masu igiya ya kwashe da dariya. "Wace bulala? Maigida yana da tafkin kifaye masu haƙora a bayan gida. Ya rantse da wannan tumbin za su yi kalaci."

Yutikus ya ƙanƙame reshen. Ya dubi igiya, ya dubi ƙaton da ke tsaye da takobi. Sai ya ce:

"Da gangan na karya."

"An ji," in ji Waro. "A ba shi takobi."

Aka buɗe fili gaban bishiyar. Yutikus ya riƙe takobi da hannu biyu kamar muciya, hawaye na zuba. Taro kuwa ya ɓarke da ihu, bayi suna zuga ɗan'uwansu, 'yan gari suna kiran sunan Damas. Wannan ihu shi ne masifar, don da kunne Damas yake gani, ga shi an toshe masa.

"Ku yi shiru!" ya daka tsawa. Babu wanda ya saurara.

Ya kai sara inda ya ji motsi, ya sari iska. Ya juya ya sake kaiwa, takobin ya daki katanga har wuta ta tashi. Yutikus kuwa tuni ya zame yana bayansa, bai fi tsawon hannu ba tsakaninsu. Ihu ya fara raguwa. Damas ya tsaya yana fuskantar wurin da babu kowa, yana haki, ya miƙa hannun hagu yana lalube. Wayyo, na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙeyarsa a buɗe take, ko yaro zai iya gamawa da shi.

Yutikus ya ɗaga takobi, ya kasa saukewa. Mutum ne da bai taɓa yanka ko kaza ba, daga gani. Ya leƙa fuskar Damas ta gefe, ya sauke hannu, ya ce da murya mai tausayi, wadda kowa ya ji saboda shirun da aka yi:

"Baba, ashe ba ka gani?"

Muryar ce ta nuna inda yake. Damas ya juyo da sara ɗaya, shi ke nan. Mai burodi ya faɗi kan reshensa.

Babu wanda ya yi guɗa. Waro ya ce, "Sarki yana nan a sarautarsa," ya koma wurin hadaya. Masu igiya suka tofar da yawu suka juya. Ni kuwa ba su nake kallo ba, bayin nake kallo. Ɗaruruwa, masu dantse, masu tabon sarƙa a ƙafa, duk sun zuba wa Damas ido. Kafin rana ta faɗi kowannensu zai koma gidan ubangidansa da labari.

Da taro ya watse Damas ya lalubo tabarmata ya zauna, jinin bai ma wanke ba.

"Sun ji abin da ya faɗa?"

"Sun ji, Sarki."

"Mutumin kirki ne," ya ce. "Da ya sare ni kawai."

Daga ranar na zama idonsa. Yakan zauna kusa da ni yana fuskantar hanyar tudu, duk wanda ya ɓullo sai in faɗa masa: mace ce da jariri, tsoho ne da akuya, 'yan kasuwa ne. Ya daina cin abin kirki, ya rame, ganye in ya faɗi sai ya zabura. Ni ma na daina ganin ciniki, hanya kawai nake gani.

Ana tsakiyar yankan inabi, wata rana da la'asar, na hango mutum a kan tudu.

"Wa ke nan?" in ji Damas, don ya ji numfashina ya canja.

"Mutum ɗaya ne. Dogo. Akwai guntun sarƙa a ƙafarsa."

"Gudu yake yi?"

"A'a. Tafiya yake a hankali, yana cin inabi."

Damas ya gyaɗa kai. "Wanda ba ya sauri, ya ji labari." Ya miƙe, ya gyara ɗamara, ya ce, "Juya ni wajen bishiyar, Uwar laka. Kada ya same ni a zaune."

Na kama kafaɗunsa na juya shi. Ya tafi.

Abin da dattawan Arisiya suka riƙe shi ne, Damas ya daɗe a sarauta fiye da waɗanda suka gabace shi, kuma wani makiyayi daga kudu, mai guntun sarƙar nan, ya gaje shi a kakar inabi ta shekarar da reshe ya karye ranar biki. Ba su ambaci mai burodi ba. Na ga sarakuna da dama a kurmin nan, kuma abin da na gane ke nan: mulkin da aka kafa a kan tsoro, mai shi ne ya fi kowa shan tsoron, ranar da aka daina jin tsoronsa kuwa ranar ya mutu, ko da yana numfashi. Makiyayin nan, washegarin hawansa, ya zo ya tsaya gaban tabarmata da takobin Damas a hannu, yaro ne sharaf, idanunsa garau. Ya tambaye ni ta wace hanya masu zuwa karya reshe suka fi ɓullowa.