Kujerar Kesar

"Ka ce za ka tsaya min... da bakinka ka faɗa!"

Kesar ta yi maganar ƙasa-ƙasa, tana murza bakin mayafinta. Mijinta Girdhari ya ci gaba da naɗa rawaninsa, ya ƙi kallonta.

"Kin dai ji Bapu. Ya ce ni zan zauna a kujerar, ke ki sa hannu a takarda kawai."

"Amma ni aka zaɓa! Bana an ce sai mace za ta shugabanci ƙauye, matan nan kuma ni suka jefa wa ƙuri'a..."

"Farin cikina, mahaifina ne fa."

"Ni kuma fa? Matan da ke tafiyar awa biyu da tulu a ka, me zan ce musu? Na yi musu alkawarin famfo!"

Ya sa kai ya fita.

A gindin bishiyar darbejiya aka taru, maza a gaba, mata a baya cikin lulluɓi. Ga kujerar shugaba a tsakiya, ga Bapu a tasa daf da ita, yana shafa gashin baki. Shekara huɗu da aurenta, Kesar ba ta taɓa zama a kujera a gaban surukinta ba, bai ma taɓa jin muryarta ba.

"Girdhari, hau mana!" wani ya kwaɗa masa kira. "Ko sai uwargida ta ba ka izini?"

Aka tuntsire da dariya.

Girdhari ya nufi kujerar. Kesar, da ke tsaye a gaban mata, ta runtse ido. Shi ke nan...

Sai ta ji wurin ya yi tsit. Ta leƙa ta cikin mayafi, ta gan shi yana goge kujerar da jelar rawaninsa. Ya juyo gare ta.

"Shugaba, ke muke jira."

Ya zauna a ƙasa, cikin ƙura.

"Girdhari!" Bapu ya daka tsawa.

"Bapu, ka yafe min. Ni ban taɓa ɗaukar tulu ba. Ruwan da ka yi wanka da shi yau, ita ta ɗebo."

Kesar ta kasa gaba ta kasa baya. In ta zauna ta wulaƙanta tsoho a bainar jama'a, in ta ƙi ta kunyata mijinta da matan ƙauye. Hawaye suka jiƙa mata mayafi.

Bapu ya daɗe yana kallon ƙafafunta masu kaushi. Can ya miƙe da ƙyar, ya juya kujerarsa ta fuskanci bishiya, ya zauna ya ba su baya.

"Ni dai ban ga kowa ba," ya ce da kakkausar murya. "Amma kunnena ƙalau yake. 'Yata, ki ɗaga murya."

Ta zauna a bakin kujerar. Girdhari ya ɗago ya yi mata murmushi.

"Maganar... maganar ruwa ce," ta fara.