Taka, Riƙe, Ɗaga Ƙafa

Ƙarap! Ƙofar motar ta rufe da ni a ciki.

Na ja hannun ƙofar, sai ga shi ya cire ya biyo ni. Na murɗa gilashi, ko motsi. Tsohuwar motar Baba ce, wadda ta shekara goma sha wani abu a garejin gidanmu ƙarƙashin tamfol, tun rasuwar Mamanmu. Ni kuwa tun hatsarin da ya karya mini ƙafa ya zubar mini da ciki, ban sake zama cikin mota ba. Tsautsayi ne ya kai ni, Baba ya aike ni in duba masa tsohon tabaraunsa.

Numfashina ya fara sarƙewa. Warin tsohuwar kujera, zafi, duhu…

"Wayyo Allah! A buɗe ni! A buɗe ni!"

Sai na ga tafin hannu a jikin gilashin, baƙi ƙirin da man inji. Ko a mafarki na san hannun nan.

"Direbata… dube ni. Dube ni kawai, kar ki dubi sitiyarin."

Mijina ne.

Ya buɗe ƙofar ta waje, na fito ina tangaɗi. Ya miƙo hannu zai tare ni, sai ya janye, don muryar Yaya ta riga ta iso.

"Malam bakanike! Mota aka kira ka gyarawa ko?"

Bari in gaya muku yadda aka yi muka kai nan. Mijina bakanike ne, gwani kuwa, amma motarsa ta kansa kullum sai gobe. Tiyon birkinta ya tsufa, ya ce gobe, ya sake cewa gobe, har ranar da ya fashe muna gangara, ni ce a sitiyari. Daga asibiti Yaya ya wuce da ni gida, ya rantse ba zan koma ba. Ya karɓe wayata, ya sa wa get kwaɗo. Kowa ya faɗi ra'ayinsa a kan aurena, har da maƙwabta. Ni kaɗai ce ba a tambaya ba.

Baba kuwa shanyewar ɓarin jiki ta cinye masa magana, kalma ɗaya sai ya yi gumi. Amma wata safiya ya nuna gareji da hannunsa mai lafiya ya ce, "Mota." Ya huta, ya ƙara da, "Surukina."

Yaya ya yi tsalle ya dire, Baba bai sake ba. Ƙarshe Yaya ya gindaya sharaɗi a gabana.

"Ka gyara ta. Ranar da motar ta fita daga get ɗin nan da ƙafarta, ranar za ka sawwaƙe wa ƙanwata."

Mijina ya sunkuyar da kai ya ce, "Zan gyara motar, Yaya."

Iya abin da ya ce ke nan. Ni kuwa na shige ɗaki na ci kukana na ƙoshi.

Tagar ɗakina tana kallon gareji, ita ce ta zame mini talabijin. Ina gani ya zuƙe tsohon fetur ɗin da ya koma kamar kunun kanwa don wari, ya kwance kafireta ya wanke, ya kori ɓerayen da suka yi gida a bayan kujera, ya sa sabon batir. Ranar da injin ya yi tari ya tashi, Baba ya yi dariya da rabin baki har da hawaye. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Duk abin da ya gyaru a jikin motar nan, aurena ne yake ƙara matsowa bakin rami.

Sai aka zo kan fenti.

Oh ni! Ban taɓa ganin mutum ya goge ƙarfe kamar yadda bawan Allahn nan ya goge motar nan ba. Ya kankare tsatsa, ya cike, ya bi da samfefa. Washegari ya dawo wuri guda ya sake bi. Ƙofa ɗaya sai ta ci mako.

Wata rana na kai wa Baba shayi a bakin gareji, na ce wa mijina ƙasa-ƙasa, "Ƙofar nan dai ta kusa hujewa."

Bai ɗago ba. "Akwai sauran tsatsa."

"Ina?"

"Ina nema ne."

Na danne dariya, sai hawaye suka zo a madadinta. Ashe shi ma ba ya son a gama.

Akwai wani abokin Yaya, dillalin motoci, mai turare kamar an ɓarar da kwalba. Tun da aka yaye tamfol ya mayar da gidanmu wurin hira. Ya ce irin motar nan yanzu masu kuɗi rububinta suke yi, a yi mata baƙin fenti kawai ya kai ta kasuwa. Amma in yana maganar mota, ni yake kallo.

Ran nan ya tare ni a tsakar gida, ya miƙo wayarsa.

"Ƙanwata, ba na son ɓata miki rai, amma gara ki sani."

Hoton mijina ne a wani shago, shi da wata kyakkyawar yarinya, sun haɗa kai suna kallon wani shuɗin gyale, tana dariya.

"Har kayan lefe an fara zaɓe," in ji shi. "Ke kina nan kina lalata ƙuruciyarki. Ni kuwa da za ki ba ni dama…"

Ban tsaya jin sauran ba. Na rufe tagata, na saki labule. Kishi ya ci ni, ya cinye ni, na daina cin abincin kirki. Ɗakin ya zame mini kamar cikin motar nan, ba hannun ƙofa. Ina jin ƙarar injin feshi a waje, ina toshe kunne da filo.

Ranar da aka cire takardun da aka manne wa gilasai, Baba ya sa aka kira ni dole.

Na fito ina ɗingishi, na tsaya cak.

Motar shuɗiya ce. Shuɗin nan sak na yarintata, lokacin da Mama take zama a gaba tana riƙe da ni a cinya. A kan madubin gefe kuma ga gyalen hoton nan a rataye.

Gyalena ne! Wanda na bari a gidana!

"Rana ta cinye asalin kalar," mijina ya ce yana goge hannu da tsumma, idonsa a ƙasa. "Baba kuma ba zai iya kwatanta mini ba. Sai na tuna kin taɓa cewa kalar gyalen nan ce. Na kai wa mai haɗa fenti, ta yi ta yi mini dariya, wai namiji da gyale a aljihu."

Na juya na dubi Dillali. Nan take ya tuna yana da kira a waya.

"Fenti ya yi," in ji Yaya. "Saura me?"

Mijina ya dubi tayoyin ya ce, "Birki."

Sai a lokacin na gane. Tun daga hatsarin bai sake taɓa birkin kowa ba. Shi ya sa ya bar shi ƙarshe.

Ya ɗaga ta a jak, ya cire tayoyin. Komai ya canza, tiyo, takalman birki, har ƙananan ƙusoshi. Abin da ya ɗaure sai ya kwance ya duba ya sake ɗaurewa. Da ya zuba sabon mai sai ya ce saura cire iska, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna ciki yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana buɗe noti iskar ta fita.

"Ni zan taka," in ji Yaya.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Ya nuna ni.

"Baba, ka san ba ta iya shiga mota…"

"Ita."

Na dubi kujerar, na ja da baya. Mijina ya matso, ya buɗe ƙofar har ƙarshe, ya tokare ta da dutse.

"Ba za ta rufe ba, rabin raina. Na gyara hannun ma. Ki ji muryata kawai."

Na shiga da bismillah. Ya kwanta a ƙarƙashin motar.

"Taka."

Na taka. Fedar ta tafi luƙus har ƙasa, kamar ranar nan. Na runtse ido.

"Ina nan. Sake takawa… yauwa. Riƙe."

Na riƙe. Na ji tsss, iska ta fita.

Shiru.

Kowane bakanike a duniya abin da yake cewa a nan shi ne saki. Ina jira, kalmar ta ƙi fitowa.

"Ɗaga ƙafa," ya ce a hankali.

Dillali ya tuntsire da dariya. "Ɗaga ƙafa kuma? Malam, ka faɗi kalmar mana! Ai gara bakinka ya fara sabawa."

"Taka. Riƙe… ɗaga ƙafa."

"Ka ji tsoro!" in ji Yaya. "Ka ce mata saki, ai yau ne dai."

Mijina ya turo kansa daga ƙarƙashin motar, man birki a goshinsa, idonsa jajur.

"Yaya, na yi laifi. Sakacina ya kashe mana ɗa, ya karya ta. In ka ce in kwanta motar nan ta bi ta kaina, zan kwanta. Amma kalmar nan, ko da wasa, ko a kan fedar birki, bakina ba zai faɗa mata ba. Sai in ita ce ta nema."

Duk suka juyo suna kallona. Karo na farko ke nan da aka jira ta bakina.

Na gyara zama. Na taka birkin.

"Muna da sauran tayoyi uku," na ce.

Haka muka zagaye motar, taka, riƙe, ɗaga ƙafa, har fedar ta yi tauri a ƙarƙashin ƙafata kamar dutse. Ya mayar da tayoyi, ya sauke jak. Baba ya sa aka ɗauke shi aka zaunar a baya.

"A gwada," in ji Baba.

Na miƙa hannu na ture dutsen, na jawo ƙofar da kaina. Ƙarap. Na murɗa makulli.

Daga gareji zuwa get gangara ce. Yaya ya buɗe kwaɗon, amma da ya ga ni ce a sitiyari, sai ya tsaya a tsakiyar hanya ya ware hannuwa.

"Auta, sauko! Ba inda za ki! Kin manta abin da birkinsa ya yi miki?"

Na sauke birkin hannu.

Motar ta fara gangarawa a hankali. Dillali ya yi tsalle ya faɗa cikin fulawoyi. Mijina yana gudu a gefena yana kiran, "Direbata! Direbata!" Yaya bai gusa ba, ni ma ban kauce ba.

Na taka da ƙafar da ta karye.

Cak!

Tsakanin hancin motar da gwiwar Yaya bai fi taku biyu ba. Na sauke gilashi, hawaye suna zuba har wuyana.

"Birkin mijina ne, Yaya. Ya kama."

Yaya ya daɗe yana kallona. Sannan ya sauke hannuwansa.

"Ni na ɗauko ki daga cikin jini, Auta," ya ce. "Ni na ɗauko ki…"

"Na sani, Yayana. Allah ya saka maka. Amma gidana nake so."

Daga kujerar baya Baba ya ɗaga sandarsa, ya yi gumi, ya haɗa kalma biyu a jere.

"Buɗe hanya."

Yaya ya goge fuska da hannun riga, ya matsa gefe, ya ƙara wangale get ɗin da kansa.

Na dubi mijina, yana tsaye da sifana a hannu kamar wanda aka dasa.

"To, Malam bakanike, shigowa za ka yi ko sai gobe?"

Ya zagayo da gudu ya faɗa kujerar gaba, ya rataya mini gyalena a kafaɗa. Titi yana gabana, faɗinsa har ya ba ni tsoro, ƙafata kuma ta ƙi barin birkin.

Ya ɗora hannunsa a kan nawa a sitiyari.

"Ɗaga ƙafa," ya ce.

Na ɗaga.